Adaftar Yaya Garba da Ƙaryar da Na Yi a Kanta

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Yaya Garba, ɗan wan mahaifina. Duk shekara nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

A farkon shekarun casa'in shi ne mai kula da na'urori a wani rumbun ajiyar hatsi da ke nan Kontagora. Shi ya ɗauko ni daga Nasko, ya nema mini aikin buga takardu a kwamfutar ofis, wadda ita kaɗai ce muke da ita. Babban aikina shi ne shigar da awon danshin masara da dawa. Ma'aikata su auna da mita, wato na'urar gwada danshi, su rubuta da biro, ni kuma in kwafa. Kuskure ya yi yawa, har aka taɓa jibge masara mai danshi ta yi funfuna.

Abin ya dami Yaya. Bai yi jami'a ba, gyaran rediyo ya koya, amma ya ce tun da mita na ba da lamba, kwamfuta kuma na karɓar lamba, dole akwai hanyar haɗa su. Wata biyu yana tsintar kayan matattun rediyoyi a kasuwa, yana liƙa wayoyi da dalma a cikin gwangwanin bisket. Waya ɗaya ta shiga mita, ɗaya ta shiga ramin firinta a bayan kwamfuta. Wannan haɗin shi ya kira adafta. Ranar da adaftar ta yi aiki, ya soka mita cikin buhu, lamba ta fito a allo da kanta. Sai ya cire hula ya share gumi. Gargaɗi ɗaya ya yi mini: "Sule, da batir kawai take aiki. Kada ka kusantar da ita da wutar bango."

Wata rana ya tafi Tungan Magajiya ɗauko samfurin dawa, wani abokina na makaranta ya kawo mini ziyara. Na so in burge shi. Batir ya mutu, sai na jona adaftar da cajar rediyo mai aiki da wutar bango. Ƙauri ya tashi, allo ya yi baƙi. Na mayar da wayoyin yadda na ga dama, na kulle ofis.

Aka turo kwamiti daga Minna. Injiniyansu ya ɗaga gwangwanin da yatsa biyu, mutane suka yi dariya. Ya juyo ya tambaye ni ko wani ya taɓa kayan a bayan Malam Garba. Na ce babu. Yaya yana tsaye kusa da taga, bai ko dube ni ba. Aka rubuta cewa ƙirƙirarsa ce ta ƙone kayan ofis, aka rage masa matsayi, aka tura shi wani ƙaramin sito a Kumbashi, inda ko wutar lantarki babu. Can ya zauna har ciwon ajali ya same shi. Ni kuwa na ci gaba da samun ƙarin girma a wurin har na yi ritaya.

Yanzu dillalan masara na auna danshi da 'yar na'ura, lambar ta fito a wayar hannu. Ina tsammanin da Yaya yana raye, da ya nemi aron ta, ya kwance bayanta don ya ga yadda aka yi. Da wuya ya ce shi ya riga su. Ba halinsa ba ne.

Watan jiya, a wajen wani suna, na ji jikansa yana ba da labari cikin raha wai kakansu ya taɓa ƙona kwamfutar ofis da gwangwani. Washegari na je wajen matar Yaya, Anti Rabi, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta bari har na gama.

"Ai tun ranar ya sani," in ji ta. "Ya ce jar waya ya tarar a wurin baƙa, kuma shi ba ya irin wannan kuskuren."

Na tambaye ta me ya hana shi faɗa.

"Ya ce ba a tabbatar da kai a aiki ba, korar ka za su yi. Ya kuma ce in bar ka, za ka zo da ƙafarka." Ta gyara mayafinta. "Shi dai ya zaci ba za ka daɗe haka ba."

Adaftar ba ta nan, kwamitin ya tafi da ita. Abin da ya rage na Yaya shi ne gidan da nake ciki, da karatun 'ya'yana, da fanshon da nake ci, domin duk a kan shirunsa suka tsaya. Ba ni da abin da zan mayar masa sai sunansa. Don haka jikokinsa da duk wanda ya yi dariya a ranar su sani: aikin Garba bai da aibu, ya yi aiki daidai har ranar da na sa masa hannu. Ni na ƙone kwamfutar, ni na yi ƙarya. Allah Ya jiƙan Yaya, ni kuma Ya sa ya yafe mini kafin mu haɗu.