Gangar Makaranta Ta Raba Ni Da Limancin Gidanmu

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Don Allah ka sakaya sunana da na garinmu, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma babu wanda ya zalunce ni a cikinsu. Ni ɗan liman ne daga wani ƙauye a ƙasar Kiru, ba nisa da Yako. Kakana ya yi limancin garin, mahaifina ya gaje shi, ni kuma tun ina ƙarami kowa ya san ni ake jira. Dattawa ma Na'ibi suke kirana don tsokana, ni kuwa in sunkuyar da kai ina jin daɗi a ciki. Yaro ne ni mai kunya, marar musu, wanda faɗin a'a yake yi wa nauyi a baki, kuma wannan halin ne ya kawo ni inda nake yau.

Shekarar da hakimi ya aiko a ba da yara makarantar boko, mutanen garinmu suka riƙa ɓoye 'ya'yansu, wasu a rumbu, wasu a rugar Fulani. Dagaci ya rasa yadda zai yi, ya tako har zaurenmu ya roƙi Malam, wato mahaifina, ya ba da ni, don idan ɗan liman ya tafi sauran ba su da ta cewa. Malam ya yarda, amma ya faɗa a gaban jama'a cewa aro ya ba su ba kyauta ba, in na gama a dawo masa da abinsa, akwai buzun da ke jirana. Ina elementare na sauke Alƙur'ani, don gida kusa ne. Da na ci jarrabawa aka kai ni Midil a birni, makarantar kwana, nan ne na yi shekara huɗun da nake son ba ku labari.

Ban san ko yanzu an sassauta ba, amma a zamaninmu ƙararrawa ce ke da mu. Da an tashi daga aji sai a rarraba yara, kowa da abin da zai yi kafin magariba, kuma kowane malami yana neman hannu. Malamin sikawut ya ce ina da natsuwa, na shiga, na koyi ƙullin igiya iri-iri waɗanda har yau ban ɗaure ko akuya da su ba. Mai kula da lambu ya ce ai ni ɗan ƙauye ne, ya miƙa min garwar ban ruwa, na yi ta yi wa kabeji hidima, abin da ko ci ba na yi. A ƙwallo aka sa ni tsaron gida saboda tsawona. A wasan kwaikwayo kuwa, da yake babu mata a makarantar, ni ake ɗaura wa zane in fito a tsohuwa. Ana ce mana duk wannan zai shiga takardar shaida, kuma yanzu da ake ta zancen mulkin kai, irinmu En'e, wato hukumar sarki, take nema. Babu wanda na iya ce wa na gaji, kullum sai dai in ce to.

A shekara ta biyu ne ganga ta same ni. Muna da malamin fareti, wani tsohon soja mai faɗa amma mai kirki, shi ke kula da 'yan badujala, masu busa begila da buga ganga idan za a yi maci. Ya lura ƙafata ba ta kuskure taki, sai ya kira ni ya rataya min babbar ganga a ƙirji. A nan kaɗai na yi ƙoƙarin tirjewa. Na gaya masa ni ɗan liman ne, a garinmu kiɗa sana'ar gado ce, tana da gidanta da masu ita, kuma ɗan malamai ba ya taɓa ganga ko da wasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ai ba kiɗan roƙo ba ne, aikin gwamnati ne, ba wanda zai yi min kari irin na maroƙa ko ya ba ni tsohuwar riga, ga 'ya'yan hakimai ma nan suna busa. Na karɓi wannan bayani da hannu biyu, kuma ba zan ɗora masa laifi ba, don dama abin da nake son ji ke nan. Cikin dukan wahalar makarantar, gangar nan ce kaɗai abin da na yi da zuciya ɗaya. Idan na sauke mata sanda, yara sama da aji guda suka ɗaga ƙafa tare, sai in ji ni ma wani ne.

Idan na je gida hutu nakan ba Malam labarin lambu da sikawut, in tsallake ganga. Ban yi masa ƙarya ba, amma na san inda nake kaucewa. Hutun ma gutsure shi ake yi, yau zangon sikawut, gobe wasan ƙwallo da wata makaranta, sai in iso garin kamar baƙo, in kwanta in yi ta barci. Ɗan baffana, wanda muka taso tare a zaure kuma na fi shi saurin ganewa, shi nake tararwa zaune kusa da Malam yana biya littafi. Inna ce ta fara lura da hannuna. Wata rana ina zaune tana tankaɗe, ashe yatsuna suna ta bugun gefen ƙwarya ban sani ba. Ta tsaya ta dube ni, ta tambaya ko a makarantar tamu har da wannan ake koyarwa, ta ce in kiyaye kada Malam ya gani. Na ce mata ai sabon riƙon alƙalami ne, ta ci gaba da aikinta.

Ana dab da mu gama, babban malami ya riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da kowa ya yi ban da karatu. Da na fara lissafa masa nawa, shi kansa sai da ya ajiye alƙalami ya ce lalle na yi wa makaranta bauta. Na fito daga ofishinsa na zauna a gindin wata bishiyar darbejiya, na waiwayi shekara huɗun nan, ban ga yammaci ɗaya da ya zama nawa ba. Littafin fiƙihun da Malam ya ba ni yana ƙasan akwati, kyankyaso ya fi ni saninsa. Gajiya ce kawai a jikina, irin wadda barci ba ya kore ta. Na lallashi kaina da cewa saura kaɗan in koma gida in zauna a zaure in cike giɓin, ai ba a makara ba.

Sai aka yi bikin wasanni na ƙarshen shekara, aka gayyaci hakimai da dagatai. Dagacinmu ya biyo motar gyaɗa ya zo da 'yan rakiya, cikinsu har da mai gangar noman garinmu, dattijo mai fara'a wanda ke yi wa samari kiɗa ranar gayya. Ina gaban layi, da gajeren wando da jar ɗamara, ganga a ƙirji, na hango su a inuwa. Ina da damar in ce kaina na ciwo in miƙa wa wani, malamin fareti ba zai hana ba. Ban yi ba. Na ɗaga sanda sama yadda ban taɓa ɗagawa ba, na riƙa juya ta a iska kafin in sauke, don ina son mutanen garinmu su ga yadda ɗansu ya zama. Dagaci ya kawar da kai, amma mai gangar noma ya miƙe tsaye yana jinjina min.

Wallahi da mugunta mutumin nan ya yi min da abin ya fi min sauƙi. Yabo ya yi ta yi. Ya koma gida yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ɗan Liman hannu gare shi, shi da ya gaji kiɗa tun kakanni bai taɓa ganin yaro ya sa ganga ta yi magana haka ba. Ya faɗa a majalisar dagaci, ya faɗa a kasuwar Yako, har mata suka ɗauka a bakin rijiya. Ranar da na sauka daga mota da akwatina da takardar shaidata, shi ya fara tarar ni. Ya rungume ni yana kirana abokin sana'a, ya zaro wata sandar kiɗa da ya sassaƙa da hannunsa ya danƙa min a gaban mutane, ya ce damina mai zuwa tare za mu fita gayya. Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi, don ban san me zan yi ba.

Bayan kwana kaɗan dattawan gari suka zo wurin Malam. Ba su ɗaga murya ba. Suka ce ba su ce na yi saɓo ba, kuma yaro ne mai ladabi, amma kowace sana'a da gidanta, su kam zai yi musu wuya su bi salla a bayan wanda makaɗin gari yake kira abokin aiki. Da suka tafi Malam ya kira ni ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na shiga yi masa bayanin da aka yi min, cewa badujala ce, ta gwamnati ce, ba roƙo a ciki. Ya bar ni har na gama, sannan ya tambaya ko fata ce aka ɗaure a bakinta, na ce e. Ya tambaya ko da sanda ake bugawa, na ce e. Ya tambaya ko mutane suna taka ƙafa idan an buga, na ce e. Sai ya ce da na tambaye shi tun ranar da aka rataya min ita da ya tafi birnin da ƙafarsa ya roƙi a canza min wani aikin. Bai zage ni ba, bai ƙara tayar da maganar ba.

A shekarar ciwon gwiwa ya matsa masa, tsayuwa ta fara gagararsa. Wata la'asar aka tayar da iƙama, ya yunƙura ya kasa. Ya waiwayo ya dubi sahu, idonsa ya zo kaina ya ɗan tsaya, sannan ya wuce, ya yi wa ɗan baffana nuni da hannu ya shiga gaba. Na bi shi salla, Malam yana zaune a gefena yana yin tasa. Bayan sallama kowa ya shiga tasbihi, ni kuma zuciyata ta tafi wani wuri, ashe yatsuna suna buga takin maci a kan cinyata. Sai na ji tafin hannun Malam ya sauka a kansu a hankali, ya danne su, bai dube ni ba, bakinsa yana ci gaba da motsi. Bai ɗauke hannun ba har aka shafa addu'a.

Yanzu ina Riruwai ina aikin akawu a wurin haƙar kuza. Ɗan baffana ne liman, kuma ya fi ni cancanta, ban taɓa jin haushinsa ba. Takardar shaidar da na yi wa wahala ta samo min aiki, amma da aka karɓa ba wanda ya tambaye ni kabeji ko ƙullin igiya, balle ganga. Malam ya rasu bara, ya tafi ba a dawo masa da aronsa yadda ya bayar ba, wannan kuma shi ne abin da ke ci min rai.

Ban ce wasannin makaranta laifi ba ne, ban kuma ce makaɗi ba mutum ba ne, dattijon nan ya so ni da gaske. Abin da na gane shi ne, abin da makaranta ke tafa wa wani lokaci gida bai san da shi ba, kuma gida za a koma. 'Yan'uwana da ke Midil yanzu, ku koyi cewa a'a, ku zaɓi abu ɗaya ko biyu ku bar wa kanku sarari. Duk abin da kuka ga kuna tsallakewa idan kuna ba iyayenku labari, ku tsaya ku tambaye su tun da wuri. Malamai kuma ku riƙa tambayar yaro gidan da ya fito kafin ku rataya masa abu a wuya. Ni dai ga ni ina rubutun nan da hannun dama, na hagu yana ta bugun teburi, kuma babu sauran mai dafa shi.