Turmin da Ya Tare Motar Baffa

Jiya a hanyar Kiyawa na ga bakanike kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai a waje. Sai na tuna marigayi Baffa, wan mahaifina.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, yana da tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu a gidansa na Takur. Ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Wata safiya ya cire tayar baya, ya shiga ƙarƙashi zai canza notunan sifirin da tsatsa ta cinye. Ina shanya a kusa na ji ƙarfe ya karye. Jak ɗin da ya ɗaga motar da shi ya karkace, motar ta fara sauka a kansa.

"Uwani, kada ki yi ihu," in ji shi. "Mirgino turmi."

Na tura turmin ƙarƙashin motar, ta zauna a kai har itacen ya tsage. Baffa ya ja jiki ya fito yana warin baƙin mai. Ya nemi ruwa, amma hannunsa ya kasa riƙe moɗar, ni na ba shi a baki.

Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ya huta.