Katifar Da Rwang

A Kuru kaf, Da Rwang kaɗai ne katifarsa ta fi shi sanin saman ɗaki. Shekara ashirin da shida ya yi yana wankin kuza, har ruwan rami ya cinye masa gwiwoyi. Da ya bari, sai ya kafa faranti biyu na sola a kan rufin kwanonsa, ya sayi batir da injin ƙyanƙyasar ƙwai, ya ce daga yau rana ce za ta yi masa kwanci.

Rana ba ta ƙi ba. Ƙanƙara ce ba ta da mutunci. Da farkon damina takan sauko ba sallama, kowace kamar ƙwan zabo, ta ragargaza ganyen dankali da gilashin mota. Shi ya sa da hadarin bayan dutse ya yi kore-kore, Da Rwang zai kinkimi katifa ya hau tsani ya lulluɓe farantan.

"Da, wai ni ka aura ko gilashi?" in ji matarsa, Ngo Kachollom. "Ni a tabarma, shi a katifa."

"Ke ai ƙanƙara ce ke tsoronki."

Makon da ƙwai ɗari biyu suka kusa fashewa, kullum hadari sai ya haɗo da hantsi, ya yi yayyafi, ya watse da la'asar. Kwana huɗu katifa na sama. Ƙanƙara ba ta zo ba, batir kuma bai sha rana ba. A na biyar ya fara kuka, ɗit, ɗit. In ya mutu injin zai huce, 'yan tsakin su mace a cikin ɓawo, ga shi har an fara jin motsinsu.

Da Rwang ya hau ya janye katifar, ya zauna kusa da ita. Rana tana nan, amma iskar ta koma kamar ta bakin randa. Kajin gida suka shige ƙarƙashin rumbu. Can bayan dutse, koren nan ya taso.

"Rufe, Da." Ngo Kachollom tana ƙasa riƙe da tsani.

"Bari batir ya ƙara kurɓa ɗaya."

"Haka kake cewa a gidan burkutu, sai na je da sanda."

Babu wanda ya yi dariya. Ƙanƙara ta farko ta daki kwanon kamar an yi jifa. Ya cafki katifar, ashe yayyafin kwana huɗu ya cika ta, ta yi nauyin gawar saniya. Da ƙyar ya ja ta kan faranti ɗaya. Ɗayan kuwa yana kallo ya yi fari fat da tsagewa.

Ya sauko goshi na jini, gari ya yi duhu kamar magariba. Ngo Kachollom ta ɗora ruwa a murhu, tana tattaro kwalabe don ta cika su da ruwan zafi ta jera a tsakanin ƙwan.

Ruwan bai kai ga tafasa ba batir ya yi shiru.