Hamadar Malam Layi

Ranar Asabar, tara ga watan Maris na shekarar da aka ƙara mini girma a ofis, na tare a sabon gidan haya. Ban gama sauke katifa ba sai ga wani gajeren dattijo, wandonsa duk ɗigon farin fenti, ya tsallako daga gidan da ke kallon nawa. Bai yi mini barka da zuwa ba. Karkata kai ya yi yana duban babur ɗina, ya ce, "Maƙwabci, bayan mashin ɗin nan ya fi gabansa kusa da bango." Ya kama shi ya daidaita, sannan ya miƙo hannu muka gaisa.

Malam Layi ke nan. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana farin layin tsakiyar titi, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Ya ajiye aikin, amma aikin bai ajiye shi ba. Takalman gidansa a jere suke kwana, dunduniya na taɓa bango. Kujerun falo kowace da alamar alli a ƙasa. Uwargidansa ta taɓa gaya wa matata cewa ko barci yake yi, a miƙe yake kamar rula.

Wuri ɗaya ne bai da iko da shi: ɗan filin da ke tsakanin ƙofar gida da baranda. Nan lambun Uwargida yake, furanni sun fito yadda suka ga dama, tana binsu da bokiti safe da yamma. A shekara ta huɗu da maƙwabtakarmu ciwon baya ya kama ta, likita ya hana ta ɗaukar ko da buta ce cikakkiya. Zafi ya shigo, furannin suka ƙone. Babban ɗansu ya kira waya daga inda yake aiki ya ce a daɓe wurin da siminti kowa ya huta, don ya san muddin da ɗanyen ganye a filin, uwarsa za ta saci jiki ta ɗauki bokiti.

"Ranar da za a daɓe wurin nan, a haɗa da ni," in ji Uwargida.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita ta kawo mafita. Ta turo hoto a waya: yashi, duwatsu, murtsunguwa da 'yan tsirrai masu jure ƙishi, kamar an yanko gefen hamada an ajiye a tsakar gida. Ba ban ruwa sai jefi-jefi. Babban ɗa ya yarda, amma da sharaɗi. In ya zo hutu ya tarar uwarsa ba ta gamsu ba, siminti. Don kada a ce wasa yake, ya aiko da buhunan, aka jibge su a baranda, daidai inda Uwargida ke zama.

Tifa ta sauke yashi da duwatsu. Malam Layi ya fito da igiya da turaku. Ya ware duwatsun, manya dabam, ƙanana dabam, ya jera su sahu-sahu, ya ajiye tukwanen murtsunguwa a tsakaninsu da tazara iri ɗaya. Da ya ja baya ya duba, ya ga kamar da saura, sai ya shafa wa kowane dutse farin fenti.

Uwargida ta dubi aikin daga kujerarta. "Sannu, Malam. Tashar mota ta yi kyau. Saura mai yankan tikiti."

Auta ma da ta ga hoton sai da ta yi dariya har waya ta katse. Ta sake kira ta ce, "Baba, hamada ba ta da layi. Ka watsar da su kamar hannu bai taɓa su ba."

Ya wanke fentin da kananzir. Ya juya wa filin baya yana jefa ƙananan duwatsun ta kan kafaɗa. Sun faɗi yadda ake so. Amma duk sanda ya wuce sai ya ɗan taɓa ɗaya da ƙafa, ya dawo ya taɓa wani, kafin la'asar sun koma sahu. Ya roƙe ni in gwada, tunda ni ba mai fenti ba ne. Na yi iyakar ƙoƙarina, a ganina na hargitsa su sosai. Uwargida ta ce nawa sun fi kama da fayil a kan kantar ofis, ni da mijinta jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Hutun ɗan ya matso. Wata yamma muna zaune a baranda, buhunan siminti a bayanmu, sai muka ji hon a ƙofa. Ƙanin Uwargida ne, wanda 'ya'yan gidan ke kira Kawu Ribas. Yana da tsohuwar akori-kura mai bamba ta ƙarfe, kuma duk ƙarshen mako yakan zo gaida yayarsa, ya shigo da baya don sauke mata kaya. Ginshiƙin ƙofar ya sha duka a hannunsa, famfon tsakar gida ma ya taɓa kwanciya. Malam Layi ya daɗe da zana masa layin tsayawa, bai taɓa tsayawa a kai ba. Ran nan ma ya haye shi. Na dubi dattijon ina jiran faɗa, sai na ga yana murmushi.

Mako na zagayowa ya kira ni shan shayi. Na tarar ya kwashe tukwanen tsirrai gefe, ya matsar da kujerar Uwargida can ƙuryar baranda. A bakin filin, inda ƙasa ta ɗan gangara, ya gina hasumiya da duwatsun duka, ƙanana a ƙasa, manya a sama. Na lura da wannan, don ba halinsa ba ne. Taku ɗaya a gabanta ya ja sabon layi fari fat.

Kawu Ribas ya iso ya leƙo ta taga. "Yaya, yau kuma bene ka fara?"

"Ka ga layin nan? Tayarka ta taɓa shi, ni da kai ne."

"Haba Yaya! Ni da na tsufa a kan sitiyari?"

"Ka tsufa kana kallon gaba."

Motar ta fara ja da baya. Abin mamaki, ran nan Kawu Ribas a hankali yake tafiya, ido a madubi, har ya fara taka birki. Malam Layi ya ga aiki zai lalace. Ya matsa kusa da tagar, hannu a baya, ya ce da murya mai taushi, "Ya iyali? Ya mai jiki?"

Babba ya gaishe ka, ba ka amsawa da ƙeya. Kawu Ribas ya juyo gaba ɗaya. "Lafiya lau, Yaya, da sauƙi, ta ce a gai..."

Bambar motar ta daki hasumiyar, ƙarar ta kai har gidana. Babban dutsen ya gangara ya nutse rabi a yashi. Biyu suka jingina da juna a tsakiya. Ƙananan suka bazu a karkace kamar busasshen rafi.

"Ka kashe ni!" Malam Layi ya ɗora hannu a ka. "Aikin kwana da kwanaki!"

Kawu Ribas ya diro, ya sunkuya zai fara tattarawa.

"Kul! Kada ka taɓa ko ɗaya. A bar su haka, duk wanda ya shigo ya ga ɓarnarka."

Uwargida ta dogara sanda ta zo bakin baranda. Ta daɗe tana duban filin, sannan ta dubi mijinta, ta dubi sabon layin, ta sake duban mijinta. "Yau dai na ga hamada," ta ce. Da ta juya za ta zauna na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Tsoho, Allah ya shirye ka."

Wajen dashen ma Malam Layi bai yarda da idonsa ba. Ita ke nunawa da sanda daga kujera, uku a cure a gindin babban dutse, ɗaya can ita kaɗai, shi kuma yana haƙa yana kawar da kai. Ya tura yashi a gindin kowane dutse har suka zama kamar a nan suka tsiro.

Babban ɗa ya zo hutu, ya zagaya, ya tambayi uwarsa, ta ce kada wanda ya taɓa mata lambu. Da simintin aka gyara ginshiƙin ƙofa.

Uwargida ba ta sake ɗaukar bokiti ba. Kawu Ribas har yau haƙuri yake ba wa mijin yayarsa, duk zuwa da 'yar murtsunguwa a gwangwani, Malam Layi kuma yana karɓa fuska a murtuke. A bayan gida yake dasa su, jikin katanga, a layi ɗaya. Idonsa ya yi rauni yanzu, ya daina fenti, amma yana nan da ransa, kuma duk safiya kafin in fita aiki sai na tarar an daidaita mini mashin.