Baitocin Mai Masa a Bakin Titin Jarwal

Bas ba ta hawa tudun unguwarmu a Jarwal, sai mu gangara titi mu jira ta cikin rana. Zafi kuwa kowace shekara ƙaruwa yake, har kwalta takan yi laushi a ƙarƙashin takalmi. A wurin jiran nan na saba da wani dattijo ɗan daudu mai sayar da masa. Mutanen unguwa suna cin masarsa, amma ba sa zama kusa da shi. Yakan ɗora jiƙaƙƙen tawul a ka, yana rera baitocin da ya tsara a kan zafi da ciwon ƙafa.

Wata rana na ce, "Baba, bari in rubuta su, kada su ɓace."

Ya tafa hannu. "Ke 'yar nan, wa zai saurari maganar irina?"

"Ni mana, da 'yan ajinmu na rubutu."

Yana faɗa ina rubutawa a littafina, gumi yana ɗiga a kan takardar. Ranar Alhamis na karanta wa 'yan ajin, suka roƙe ni in maimaita. Da na kai masa labari, sai ya rangaɗa guɗa a bakin titi. "Yalla, maza buɗe littafin, akwai saura!"