Taɓa Waya da Bayan Yatsa

Ban yi makaranta ba. Aikin kahraba, wato lantarki, a hannu na koye shi, wurin wani tsohon usɗa, gwanin sana'ar, a kasuwar Gadarif. Na ja waya a shagunan hatsi, na gyara injinan niƙa, na hau tsani da damina baƙar laka tana riƙe mini takalmi. Amma duk aikin da na yi da sunan wani ake karɓarsa, don ba ni da ruhusa, takardar izinin aiki. Ranar da mai sunan ya yi fushi, a gida nake yini.

Matata ce ta ƙi yarda da wannan zama. Ta ji wani babban siton riɗi yana ɗaukar masu kahraba aikin dindindin, amma sai mai ruhusa. Ta aro littafin jarrabawar wurin yayanta. Ita tana karanta Larabci. Ni harafi ɗaya-ɗaya nake tsinta, kamar mai cire tsakuwa a dawa.

Bayan la'asar take karanta mini. Ta ɗora jabanar gahawa a gawayi, ta zauna bakin gadon igiya, littafin a cinya. In tana karatu muryarta takan yi laushi, sai ka ce ba ita ke yi wa awaki tsawa ba. Sau da yawa tambayar takan wuce ni, muryar nake saurare.

"Usɗa, kana ina? Na ce me za ka yi kafin ka kama waya?"

"In taɓa ta da bayan yatsa."

"Littafi bai ce haka ba."

"Littafi bai taɓa hawa tsani ba."

"Kai da ka hau, dubi hannunka. Kamar ƙafar akuya da aka babbaka."

Taɓawa da bayan yatsa, haka tsohon ya koya mana. In akwai wuta, bayan yatsa za ta mara ta jefar da hannunka. In da tafi ka taɓa, riƙe ka za ta yi. Littafi kuwa cewa ya yi ka kashe, ka gwada da tasta, abin gwajin wuta, sannan ka kai hannu.

Ranar jarrabawa suka yarda a yi mini tambayoyi da baki. Na amsa su yadda ta karanta mini. Aka zo aikin hannu. Na kashe wuta. Tasta na aljihuna. Hannuna ya tafi da kansa, ya taɓa wayar da bayan yatsa.

Mai dubawa ya ajiye alƙalami. "Ya hajji, me ka yi yanzu?"

"Dubawa na yi."

"Ka dawo zama na gaba. Ba na sa wa mutum hannu gobe in je jana'izarsa."

Na faɗa mata a tsaye. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Gobe daga farko." Tun daga ranar, ko butar shayi na taɓa da bayan yatsa sai muciya ta sauka mini a hannu.

Da damina zazzaɓi ya kama ta, saifarta ta kumbura. Ba ta ga yankan riɗi ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Na mayar wa yayanta littafinsa. Ban yi niyyar komawa ba. Amma ina kan tsani sai in ji tambayoyin suna zuwa mini, da lafazinta, har inda takan tsaya ta hura gawayi. Da aka buɗe zama na gaba, na je.

Mutumin nan ne dai. Na kashe wuta. Na ciro tasta, na gwada, na sake gwadawa. Ya dube ni, ya sa hannu.

"Mabruk, usɗa. Wa ya gyara ka?"

"A gida ne."

Na fito da takardar a ƙirji ina sauri, har wani mai keken jaki ya zage ni. Sai da na sha kwanar layinmu na hango ƙofar a rufe. Na rage tafiya.

Ran Asabar na fara aiki a siton.