Lasifika Ya Yi Shiru

Sai mu jinjina wa masanan bencin bakin kasuwarmu. Ba su taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma tuni suka yanke hukunci cewa cutar zamani ƙofa ɗaya ta sani, wanda ya sadu ta baki ya tsira. Ranar Talata, sha biyu ga watan nan, muka binne ɗalibinsu mafi ƙwazo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lasifika, kai ne mai gwanjon da ake jin kiransa tun daga tasha. In yaro ya ɓace, kai kake saɓa shi a kafaɗa kana shela har uwarsa ta zo a guje. Tsohuwa mai tsintsiya da ke gefenka ba ta da murya, kai kake kira mata ciniki, ko na gode ba ka tsayawa ji.

Da muryar ta fara dushewa, aka ce ƙura ce. Ni na raka ka asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ƙwayar da ta jawo shi irin wadda ake ɗauka ta saduwar baki ce. Ya ce ciwon sanyi da tunjere ma suna bi ta nan. Ƙanjamau kuwa haɗarinsa kaɗan ne, amma kaɗan ba babu ba ne, balle in akwai gyambo a baki.

Da wani ne, da ya ɓoye. Kai kuwa washegari ka kai maiɗakinka gwaji, ka nemi gafararta. Daga nan ka koma bencin da ɗan abin da ya rage na murya, ka nuna wuyanka, ka ce, "Malamai, ga sakamakon karatunku. Ku je a duba ku." Aka yi dariyar yaƙe, wani ya ce zafin ciwo ne.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa jinyarka ta zama kaffara. Maiɗakinka da yara, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare lafiyarku.

A wurin zaman makoki na ji babban masanin bencin yana gaya wa baƙi cewa ihun talla ne ya kashe ka. Yana faɗa yana gyaran murya, yana shafa wuya. Shi kuma da goro yake sayarwa a zaune, tallan me ya yi?